Siton Alhaji da Tukunyar Iya

Tsakanin Wad Madani da Sinnar, a ƙasar Jazira ta Sudan, mazauna iri biyu ne. Akwai ƙauyukan masu hawasha, wato gonar da hukuma ta yanka wa manomi, waɗanda sunayen kakanninsu ke cikin littafin hukumar noma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka ja ruwan Nilul Azrak cikin magudanai don masaƙun Ingila su samu auduga. Akwai kuma kambo, jam'insa kanabi, can a gefen magudana, ɗakunan laka da rumfunan kara a kan ƙasar da ba a taɓa yarda ta zama ta mazaunanta ba. Su ne masu shuka, su ne masu noma, su ne masu tsintar audugar. Wasu daga Darfur suka fito, wasu daga Chadi, wasu kuwa namu ne, Hausawa.

Namu ɗin hanyar Makka ce ta kawo su. Akwai waɗanda suka biyo ayarin Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya bar Sakkwato da Turawa suka ci ta a watan Maris na 1903, aka kashe shi a Burmi cikin Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a ya yi gabas, har ya kafa garin da ke amsa sunansa a bakin kogi, kudu da Sinnar kaɗan. Akwai kuma waɗanda suka biyo baya, a ƙasa da kan jakai, daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram, su yi damina a nan su tara guzuri, su ƙara gaba, da niyyar isa Sawakin su ƙetare Bahar Maliya. Da yawa guzurin bai taɓa cika ba. Aka haifi 'ya'ya, aka haifi jikoki, amma in ka tambayi tsoho a kambo sai ya ce maka shi a kan hanya yake, lokaci ne Allah bai kawo ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakansa yana ƙasar tun kafin 1898, su kuwa 'yan bayan Burmi ne. Ba su isa Makka ba, ba su koma gida ba, inda suke kuma ana ta tambayarsu takarda. Duk wanda zai yi wa irin waɗannan mutane wa'azin dogara ga Allah, ya kamata ya fara gyaran murya, don sun riga shi sanin darasin.

To, a ɗaya daga cikin kanabin nan aka ce an yi wani Alhaji. Labari ne, a ɗauke shi a labari.

A kambon aka haife shi, ubansa ma tsintar auduga ya yi har bayansa ya tanƙware. Shi dai Allah ya ba shi kan lissafi. Da shail ya tashi. Wajen Agusta zuwa Satumba, lokacin da tsohuwar dawa ta ƙare sabuwa ba ta nuna ba, sai ya ba manomi kuɗi, ko sukari da mai da sabulu, a kan in an yi girbi a biya shi da buhunan dawa, bisa farashin da shi ya yanka tun ranar da manomin ke jin yunwa. Kaka na yi buhuna su taru a wurinsa, bazara na yi ya sayar wa masu su a ninki. Da haka ya gina sito na jan bulo mai ƙofar ƙarfe, wanda duk kambon babu gini irinsa, har da masallaci. Ya je Makka ta jirgin sama ba sau ɗaya ba. Ya taɓa karatu gwargwado, ya sauke Ahalari da Ishmawi, ya leƙa Risala, ga shi da murya. Bayan magariba yakan zauna ya ɗan yi wa mutane tunatarwa, kuma babin da ya fi so shi ne babin tawakkali.

A yi masa adalci. Shi ya sayi tabarmin masallaci, shi ya sa lasifika da farantin sola. Jam'i ba ya wuce shi. Bai taɓa cin kuɗin kowa da ƙarfi ba, kowa da ƙafarsa ya zo, aka rubuta, ya dangwala yatsa.

A ƙarshen kambon kuma akwai wata tsohuwa da kowa ke ce wa Iya. Godo-godo take damawa da soyayyar gyaɗa, ta kai kasuwar ƙauyen Larabawan da ke kusa. Haihuwa tara ta yi, huɗu suka rayu. Dukiyarta a duniya awarwaron zinariya biyu ne da ta saya a Madani, ɗaya bayan ɗaya, da tazarar shekaru masu yawa, don ta lura kuɗin takarda a Sudan ba ya kwana da darajarsa. Ta tona rami ƙarƙashin gadonta ta binne su. Na hajji ne. Kakanta ya taso daga ƙasar Katsina a ƙasa bai isa ba, ubanta bai isa ba, ta ce ita za ta ƙarasa musu.

A watan Yulin 2022 wani jikan yayarta ya iso mata da mata da 'ya'ya biyu da ƙunshin tsumma. A Rusairis yake gasa agashe, wato tsiren can, kusa da madatsar ruwa, kasuwa na tafiya. Sai rikici ya tashi a jihar Nilul Azrak tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan ƙasa da kuma neman da Hausawa suka yi a ba su sarautar gargajiya tasu. Aka ƙone shaguna, aka kashe mutane, Hausawan Kasala da Gadarif da Khartum suka fito zanga-zanga. Cikin Oktoba abin ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi, inda aka rasa sama da mutum 200 cikin 'yan kwanaki. Wan saurayin nan na cikin waɗanda ba su fito ba. Iya ta share masa ɗaki, tana tsokanarsa irin ta kaka da jika: "Maigida, ka dawo ke nan? Ai na san kishiyar nan ba za ta iya riƙe ka ba." Bai yi dariya ba. Ya kama ƙodago a gonakin mutane, ya yi shiru da bakinsa.

Bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba yaƙi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF, waɗanda mutanen wurin ke kira Da'ama. Aka ce Jazira lafiya lau, nan ma 'yan Khartum suka gudo. Cikin Disamba Madani ta faɗi. Masu babura da bindiga suka bazu cikin ƙauyuka suna neman mota da zinariya da waya. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke, ɗan abin da 'yan'uwa ke turowa ta manhajar banki ta Bankak daga Saudiyya ya tsaya, sai wanda ya iya biyan masu Starlink. Kasuwanni suka mutu. Ruwan magudana ya koma zuwa yau, gobe babu, don masu buɗe ƙofofin ruwa sun gudu.

Dawa kuwa tana nan. An yi girbi kafin Madani ta faɗi, an biya shail, buhuna suna jibge a sito.

Mutane suka fara zuwa ƙofar ƙarfen nan da sassafe, magidanta da kwano a ɓoye cikin riga don kunya. Alhaji ba ya korar kowa. Yakan fito da carbi, ya gaisa da kowa da sunansa, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Ku yi haƙuri, bayin Allah. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ku kyautata zato ga Ubangijinku. Abin da ke cikin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai kuɗin mutane." Da dare kuma sai a ji kukan lori. Garin Managil na hannun soja, dawa a can ta yi tsadar da ba a taɓa ji ba, kuma Alhaji ya san nawa ake ajiyewa a kowane shinge kafin mota ta wuce.

Wata magariba, yana tsakiyar bayanin yadda tsuntsu ke fita da yunwa ya dawo da ƙoshi, sai mai agashe ya ɗaga hannu daga sahun baya.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

"Bismilla."

"Kakanninmu don ɗakin Allah suka baro garuruwansu. A Rusairis an ce mu baƙi ne, aka kore mu. Wana yana hanyar masallaci aka sare shi. Mun gudo nan, ga abin da ya biyo mu. 'Yata kwana biyu ke nan ruwan kanzo take sha. Ni dai ina so a gaya mini, Allah yana son mu kuwa? Ko ya manta da mu ne?"

Masallaci ya yi tsit. Alhaji ya miƙe zaune, ya nemi tsari da ƙarfi, ya ce, "Kai yaro, ka san abin da ya fito daga bakinka? Maza ka sake kalmar shahada! Irin wannan ne ya ja mana. Mata sun yar da lulluɓi, samari sun koma waya da kiɗa, an bar salla, an bar zakka, sannan a ce me ya sa? Wannan kaɗan ma muka gani." Ya yi ta yi har aka kira isha'i. Saurayin bai tsaya sallar ba. Ya ɗauki takalmansa ya fita, bai kuma sake taka masallacin ba.

Ni ba malami ba ne, amma na ji malamai na cewa Alƙur'ani da kansa ya ba da labarin manzo da mabiyansa da wuya ta girgiza har suka tambayi yaushe taimakon Allah zai zo, kuma ba a kore su daga rahama don sun tambaya ba. Annabi Ibrahimu ma ya roƙi a nuna masa don zuciyarsa ta natsu, aka nuna masa. Kuma in an bi maganganun Alhaji ɗaya bayan ɗaya, zai yi wuya a kama shi da ƙarya, kusan kowace akwai ta a littafi. Abin da ya ɓata su shi ne mabuɗin da ke aljihunsa lokacin da yake faɗar su. Yaron ya tambayi ina rahamar Allah take, alhali wani yanki nata na nan taku arba'in daga inda yake zaune, an sa mata kwaɗo.

Washegari Iya ta tone ramin. Ta ƙulle awarwaron a bakin zane ta nufi sito.

"Alhaji, dawa nake so. Ga wannan."

Ya juya su a hannu, ya gwada nauyinsu. "Iya, ba na hajjinki ba ne?"

"Su ne."

"Ki ji tsoron Allah, Iya. Hajji rukuni ne. Shekara nawa kina tarawa? Ki ci guzurinki a zaune, in hanya ta buɗe ki ce me?"

"Mai ɗakin ya san hanyar kambon nan, Alhaji. Auna mini."

Ya auna mata. Ya saya a farashin zinariya na lokacin yaƙi, ya sayar a farashin dawa na lokacin yaƙi, ya rubuta a littafi, ta dangwala yatsa.

Dama labari ya iso cewa a Umdurman da wasu garuruwa mata da samarin unguwa sun kafa takiyya, tukunya guda babba da kowa ke jefa abin da ya samu, kowa ya kawo kwano, al'adar da aka gada daga zaurukan shehunan ɗariƙa. Iya ta ɗora tata a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidanta, rabin ganga a kan duwatsu uku. Kunu da safe, dafaffiyar dawa da gishiri da yamma. Da aka ga ta fara, wata ta kawo kuɓewa busasshiya, wani ya kawo albasa, wani da ɗansa ya samu turo kuɗi daga Jidda ya sayo buhu guda. Ta ware mudu kaɗan ta ɗura a tulu ta liƙe bakin da laka, ta ce wannan iri ne, ko wa zai mutu ba a taɓa shi.

Ta leƙa ɗakin jikanta ta same shi kwance da rana tsaka. "Maigida, tashi ka samo mini itace."

"Iya, ki ƙyale ni. Ni fa ko salla na daina."

"Na tambaye ka salla? Itace na ce."

Ya tashi. Daga itace ya koma ɗebo ruwa, daga nan ya karɓi muciya, don hannun da ya saba da wuta ba ya manta ta. Shi ya tsara layi, yara gaba, masu jego biye. Wata rana da dare, an gama rabo, yana kankare gindin ganga, ya ce mata, "Iya, ke ba kya shakka ne? Ko sau ɗaya?"

Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce, "Biyar na binne. Na ukun, a gonar auduga ya mutu a bayana, ban sani ba sai da na sauke shi zan ba shi nono. Daren nan abin da na gaya wa Allah, da Alhaji ya ji da ya ce a fasa yi mini salla in na mutu."

"To, me ya dawo da ke?"

"Ina na je da zan dawo? Ai da Shi nake faɗan. Wanda ya kai ƙara gaban Sarki bai fid da rai da Sarki ba. Annabi Yakubu kuka ya yi har idonsa ya tafi, amma wurin wa ya kai kukan? Kai kuskurenka ɗaya, ka tashi kai ƙara ka kai wa Alhaji."

A nan ne ya yi dariya, karo na farko tun Rusairis.

Kada mai karatu ya zaci daga nan sama ta buɗe. Da damina ta faɗi suka fasa tulun suka shuka a wata hawasha da mai ita ya gudu. Dawa ta yi kyau, masu bindiga suka sako dabbobin da suka kwaso a ciki, abin da aka tsira da shi bai kai rabi ba. A watan Agusta aka shelanta ɓullar kwalara a Sudan, ta biyo ruwan magudana ta shigo kambon, ta ɗauki mutane, har da ƙaramar 'yar mai agashe, wadda aka sha wahalar raya ta da kunun takiyya. Shi ya haƙa kabarin. Akwai ranakun da aka ɗora ganga babu abin zubawa sai ruwa da gishiri da ganye. Abin da kawai za a iya cewa shi ne wuta ba ta mutu a murhun nan ba. Wata asuba kuma ladan ya waiga ya ga mutum a ƙarshen sahu, bai ce komai ba, kowa ma bai ce ba. Tambayar saurayin ba ta tafi ba. Ya dai daina yi wa mutane ita, ya koma yi wa Mai amsar, goshi a ƙasa.

Alhaji bai ga wannan ba. Tun kafin damina ya kwashe abin da ya rage ya bi lori zuwa Managil, daga can ya zagaya da iyalinsa har Bur Sudan. Waɗanda suka yi zama da shi sun ce ba ya barci. Yana kwance waya na kan ƙirjinsa, yana tambayar farashin dala da na buhu, yana lissafin abin da zai ishe shi in yaƙin ya kai shekara goma. A nan ne nake rasa yadda zan raba su, shi da mai agashe. Ɗaya ya buɗe baki a masallaci ya ce anya Allah na tuna mu, sannan ya je ya yi wata da watanni yana tuƙa wa marayu abinci. Ɗayan bai taɓa furta kalmar shakka ba, amma duk motsinsa na mutumin da ya tabbata gobe babu mai ba shi ne in bai ƙulle na yau ba. Malamai su faɗa mana wanne ne mai rauni a zato.

Kada kuma wani mai sito a Dawanau ko Maraɗi, ko mai wa'azin da ke bayyana wa 'yan gudun hijirar Zamfara da mutanen da ambaliya ta cinye a Maiduguri zunubin da ya ja musu, ya ce da shi nake. Ni labarin Jazira nake bayarwa, tafiyar wata da watanni ce a ƙasa. Sai dai an ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ranar 11 ga Janairun 2025 soja suka karɓe Madani. Aka yi guɗa a ƙauyuka, amma mutanen kanabi ba su gama guɗar ba aka fara nuna su da yatsa, wai su suka yi wa Da'ama jagora. A Kambo Tayba, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mayaƙan da ke tare da soja sun kashe aƙalla mutum 26 tun ana gobe za a karɓe Madani. Kambon su Iya ya kwana a gona dare da yawa. Allah ya tsare, aka wuce su.

Da ƙura ta lafa sai ga Alhaji a sabuwar mota, ya yi ƙiba, ya ƙaro amarya. Ya sa aka wanke masallaci, ya kawo sabon batir. Magaribar farko ya zauna a wurinsa ya dubi waɗanda suka rage, ya ce, "Kun ga abin da nake gaya muku? Da kuka yi haƙuri kuka dogara, ba ga shi Allah ya fitar da mu ba?" Aka ce, "Haka ne, Alhaji," don akasarin masu amsawar sun san damina na tafe, kuma babu wani mai ba da shail sai shi.

Ya cika sito da kayan da ya taho da su, sukari da mai da fulawa. Azumi ya matso, ya yi niyyar umara ta godiya, shi da amarya. Abin da ya dame shi wanda zai bar wa gadi, don ya ce mutane sun lalace a yaƙin nan, ba kowa za a ba amana ba. Da ya bincika, kowa sai ya ce masa ai mai agashe, wanda ya yi shekara yana rabon abinci ba a taɓa ganin ya ɗebi loma ta wuce tasa ba. Sai Alhaji ya taka da kansa har ƙarshen kambo, amarya na biye don ta yi sallama da tsofaffi.

Iya na zaune tana ɓarar gyaɗa. Aka gaisa, aka yi wa juna gaisuwar waɗanda aka rasa. Amarya ta miƙo hannu, Iya ta riƙe shi ta dubi abin da ke wuyan hannun, ta juya shi a hankali.

"Da su za ki tafi, 'yar nan?"

"Da su, Iya."

"Madalla. Ko ba komai su dai za su isa."

Alhaji ya yi tari, ya kawo maganar da ta kawo shi. Wata guda ne kawai, zai biya, yaron ya riƙa kwana a ƙofar sito.

Iya ta ce, "Maigidana yana da aiki, bakin marayu bai rufe ba don soja sun shigo. Amma Alhaji, me ya kai ka neman mai gadi? Ka bar wa Allah shi mana. Ai kai ka koya mana. Mu da ka bar masa, ga mu nan, ban da waɗanda Ya karɓa."

Alhaji ya ce, "Haka ne, Iya, haka ne." Ya yi sallama.

Washegari ya aika Madani aka sayo masa kwaɗo na biyu.